Wasiƙa daga Maraɗi: wani abu mai kama da faifai

Aminina,

Sallama, ina fatan kana lahiya, ya Agadas ya sanyi? Mu nan Maraɗi hazo ya rufe gari, sai godiya.

Jiya ka faɗo min a rai wallahi. Ka tuna ranar da muka tsaya gaban ƙasusuwan dinozor a gidan tarihi na Yamai kana rantsuwa babu abin da ya kai su tsufa? To ka sha ƙasa malam. Ina shirya darasin 'yan lekkol na ci karo da wata halitta wai ita Dickinsonia, ta yi shekara wajen miliyan 558, dinozor ɗinka a gabanta jinjiri ne.

Wani Reg Sprigg ya gano ta a duwatsun Ediacara can kudancin Ostiraliya, ya raɗa mata suna a 1947. Shatinta kawai ya rage jikin dutse, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai mai ɗan tsawo da layi layi, ba ƙashi ba ido, ko baki ba a gani ba, amma wata ta fi mita ɗaya.

Daga nan fa gardama ta tashi, wanga ya ce tsutsa ce, wancan ya ce dangin naman kaza ce, wani Bajamushe Seilacher ya ce ku bar wahala, wani iri ne daban da ya ƙare gaba ɗaya. Sai a 2018 aka binciki waɗanda aka haƙo bakin teku a arewacin Rasha aka samu burbushin kolestarol, kitsen nan da likita ke hana mu cin kilishi saboda shi, aka ce to dabba ce. Ni dai na yarda, amma dangin wa? Har yau ana ja.

Wanda ya kashe ni da dariya na Indiya ne. A 2021 masana suka ce sun ganta a kogon Bhimbetka, duniya ta ɗauka, 2023 wasu suka je suka duba ashe tsohuwar saƙar zuma ce ta bushe jikin dutse! Da kakanka mai amya suka tambaya ai da tuni ya raba gardama.

In ka shigo hutu ka taho min da dabino. Ka gaida madam da yara.

Naka har kullum.