Navratri da Durga Puja ba Diwali ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk shekara idan Satumba ta yi nisa ko Oktoba ta kama, hotunan 'yan Indiya suna rawa da sanduna ko suna jefa gumaka a kogi kan cika kafafenmu, a ƙarƙashi kuma a rubuta "bikin Diwali". Kuskure ne, kuma ina jin finafinan Indiya ne suka sa muke yi wa bukukuwansu kuɗin goro. Diwali na zuwa ne kimanin kwana 20 bayan an gama wannan bikin. Bikin da ke cikin hotunan sunansa Navratri, wato darare tara, kuma mabiya addinin Hindu na yinsa ne don abar bautarsu Durga. A imaninsu ta yi kwana tara tana yaƙi da Mahishasura, aljani mai siffar ɓauna, ta kashe shi a rana ta goma.

A arewa da yammacin Indiya, a gida ake farawa. Ranar farko ana shuka sha'ir a kasko, a ɗora tulun ruwa a kai, a jera ganyen mangwaro a bakinsa, a rufe da kwakwa. Sai fitilar mai da ake so ta kwana tara ba ta mutu ba. Sha'irin kan ruɓe idan ruwa ya yi masa yawa, su kuwa kyan tsirowarsa alamar albarka ce a wurinsu. Azuminsu ba irin namu ba ne: suna ci, amma ban da nama, alkama, shinkafa, albasa da tafarnuwa. Madadinsu shi ne sabudana, wanda daga rogo ake yinsa, da garin wani tsiro mai suna kuttu. Garin nan ba ya jure ajiya, kuma sau da yawa ana kwasar mutane zuwa asibiti saboda 'yan kasuwa sun fito da kwantan bara. Ran takwas ko tara a gayyato yara mata tara, a wanke musu ƙafa, a ciyar da su. Rawar da'ira ta Garba kuwa ta jihar Gujarat ce.

Kolkata, birnin da ke gabashin Indiya, tata hanyar daban ce, ana kiran bikin Durga Puja, kwana biyar na ƙarshe, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2021. Maginan gumakan Durga na unguwar Kumartuli sukan yi watanni suna aiki. Da gora da katako ake kafa ƙashin gunkin, a ɗaure siffar da karan shinkafa da igiyar rama, a shafe da yumɓun kogi haɗe da ɓuntu. Sai ya bushe ya tsattsage ake bin sa da yumɓu mai laushi. Wanda ya yi gaggawa, fentinsa zai ɓare. Damina kan ja har lokacin, shi ya sa ake busarwa da fanka da wutar gas. Idanu su ne ƙarshe, a al'adance ranar Mahalaya, wato jajiberin Navratri, ake zana su. Lokaci mafi girma shi ne Sandhi Puja, ibada ta minti 48 kacal tsakanin ƙarshen rana ta takwas da farkon ta tara, da fitilu 108 da furen bado 108.

Ran goma a kai gumakan kogin Hooghly. Na yumɓu yana narkewa. Matsalar ita ce na POP, irin wanda muke silin da shi, da fenti mai dalma, gubar da mutanen Zamfara suka san illarta tun 2010. Hukumar yaƙi da gurɓatar muhalli ta Indiya ta hana amfani da POP a ƙa'idojinta na 2020, kuma a Kolkata injinan ɗaga kaya ke tsamo gumakan jim kaɗan bayan an nutsar da su.

Don Allah, Edita, idan hotunan bana suka iso, a duba daga wace jiha suke kafin a rubuta musu bayani.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Kano