Rahoton Ayyukan Shekara: Magunan da Muka Kwaso daga Gida Ɗaya da Batun Toka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa membobi.

Kamar yadda muka saba a ƙarshen kowace shekara, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu mai kula da maguna ya yi da amanar da kuka ɗora masa. Lissafin kuɗin da ya shigo da wanda aka kashe yana cikin takardar ma'aji, za a raba ta ranar taro.

Ayyukan yau da kullum sun tafi yadda aka tsara. Magunan da ke hannunmu sun samu abinci da maganin tsutsar ciki da na ƙuma, waɗanda suka isa fiɗiya kuma an kai su wurin likitan dabbobi. Ranar 28 ga Satumba, ranar da duniya ta ware don yaƙi da ciwon haukan kare, mun zaga unguwanni muna shaida wa mutane cewa kyanwa ma tana kamuwa da shi, tana kuma iya sa wa mutum. Da yawa sun ɗauka allurar rigakafinsa ta karnuka ce kawai.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu ya zo ne a farkon damina, lokacin da wani mai unguwa ya aiko a kira mu. Maƙwabta ne suka kai masa kuka saboda zarnin da ke fitowa daga gidan wata dattijuwa da ke zaune ita kaɗai. Da muka shiga, ɗakuna biyu muka tarar cike da maguna, an toshe tagogi da kwali, ga kwanuka ko'ina da busasshen tuwo a ciki. Yawancinsu idanu duk kwantsa, ga mura, wasu makero ya cinye musu gashin kunne. Ita baiwar Allah da 'yan ƙalilan ta fara, don tausayi. Amma kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, kuma takan haihu fiye da sau ɗaya a shekara. In aka rufe mace da muzuru wuri ɗaya ba fiɗiya, cikin 'yan shekaru ɗaki zai cika.

A taron da muka yi bayan nan, wasu daga cikinku sun kawo hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Kwamiti bai ga dacewar jingina shi ga wannan dattijuwa ba. Waccan hana ta abinci ta yi, wannan kuwa takan kwana da yunwa don ta ba su. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa tara kaya ba iyaka a jerin cututtuka masu zaman kansu, kuma masu bincike a jami'ar Tufts da ke Amurka, irin su Gary Patronek, sun daɗe da nuna cewa in an kwashe dabbobin aka bar mutum haka nan, kusan ko yaushe sake tarawa yake yi. Da ta ce mana, "'Ya'yana ne, ina za ku kai min su?" sai shugabar mata ta durƙusa ta ce, "Inna, ba raba ki da su muka zo yi ba, nauyi za mu rage miki." Mun bar wa dattijuwar maguna biyu bayan an yi musu aikin hana haihuwa, kuma mata biyu daga cikinmu suna leƙa ta a kai a kai.

Wasu magunan ba su yi rai ba, ciwo ya riga ya ci jikinsu. Sauran da suka warke ba su daɗe a hannunmu ba, musamman ƙananan, don masu shagunan hatsi kullum neman mai kama ɓera suke.

Sai guda ɗaya, wadda yaran da ke taya mu aiki suka sa wa suna Toka saboda launinta. A ƙarƙashin gado muka zaro ta, bayan wata tsohuwar kwalla. Kyanwar Lami ce sak, ba cizo ba yaƙushi, amma da ta ji takun mutum sai ta kwantar da kunnuwa ta sandare. Abinci sai dare ya raba take ci. Likita ya duba ta ya ce lafiyarta lau, ya kuma bayyana mana dalilin: ɗan kyanwa yana sabawa da hannun mutum ne tsakanin mako na 2 da na 7 da haihuwa. Wanda wannan lokacin ya wuce shi a cikin cunkoso, ba mai ɗaga shi ba mai shafa shi, zai girma yana ganin mutum abin gudu ne.

Wata 'yar uwa ta ba da ɗakin ajiyarta. Aka sa wa Toka kwalin Indomie da aka huda a gefe, da roba cike da yashi don bayan gida, da ruwa a wani lungu daban. Kwalin nan ba wasa ba ne. A 2014 masu bincike a jami'ar Utrecht da ke Holan sun gwada a wani gidan ajiye maguna, suka ga waɗanda aka ba wurin ɓuya sun fi saurin samun natsuwa. Ita 'yar uwar tamu takan shiga ta zauna a tabarma ta ba kwalin gefe, tana tsintar shinkafa ko tana duba waya, ba ta zuba mata ido. In idonsu ya haɗu sai ta lumshe nata a hankali ta kau da kai. Daga baya ta fara miƙa mata ɓarin bandar kifi a kan doguwar muciya. An kai ƙarshen damina kafin Toka ta yarda ta ci abinci da mutum a ɗakin.

Masu nema sun zo. Wani ɗan kasuwa ya so ta don sitonsa, muka ba shi haƙuri, don hayaniyar kasuwa rana ɗaya ta isa ta gudu ba a sake ganinta ba. Wani gida mai yara da yawa ma mun hana. Wata kuma da kanta ta fasa, wai kyanwar da ke ɓuya tana leƙen mutane ba ita kaɗai ba ce. Na san wasunku sun yi ƙorafi cewa muna ciyar da kyanwa ɗaya wata da watanni alhali ga masu so. A ganina kwamiti ya yi daidai. Da mun bayar don mu rage kashe kuɗi, a bola za ta ƙare, ko a cusa ta a buhu a kai ta bayan gari kamar yadda aka saba.

A cikin hunturu wani malamin makaranta da ya yi ritaya ya zo da uwargidansa. 'Ya'yansu duk sun yi aure, gidan da katanga, ba kare. Mun gindaya musu sharuɗɗa: ɗaki ɗaya a rufe a makonnin farko, ta tafi da kwalinta da tsumman da take kwana a kai, kada kowa ya jawo ta daga maɓoyarta. Mun gargaɗe su kan farasitamol, wanda ke kashe kyanwa, da maganin ƙuma na karnuka, da abinci mai albasa ko tafarnuwa. Madara ma takan sa babbar kyanwa gudawa. In abin ya gagara, su dawo mana da ita. A ziyararmu ta baya-bayan nan mun ji cewa tana fitowa tsakar gida da safe, tana kwanciya kusa da kujerar Malam. Har yanzu ba ta yarda a ɗauke ta, baƙo kuma ba ya ganinta. Malam ya ce shi dama bai ce sai ya ɗauke ta ba.

Kwamiti zai gabatar muku da ƙudurori biyu ranar taro: kada a sake ba da babbar kyanwa sai an yi mata aikin hana haihuwa da allura, kuma a riƙa ziyartar duk gidan da muka kai kyanwa. Muna neman masu ɗakin da ba a amfani da shi su ba da sunansu ga sakatare, don ɗaki ɗaya tak muke da shi na irin su Toka. Wanda ke da kwalaye ko buhun yashi ya taho da su.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa