Aikin da na hana fita

Kano, daren Laraba.

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya sanyi? Na ga hoton da ka sa ran nan, hula kan hula, in ba don hancin nan naka ba da ban gane ka ba. Kada ka fara mini ƙorafin shiru. Ban kira ba, ba ka kira ba, mun yi kunnen doki. Akwai tambayar da nake so in yi maka kan na'urar nan da kuke auna dashen haƙori da ita ta hanyar hoto, amma bari in fara sauke abin da ke cina, don tun makon jiya nake neman wanda zai gane maganar ba sai na tsaya yi masa bayani ba. Uwargida ta gaji da ni. Da ta ji na ce "jig", abin gwajin nan da ake kaiwa baki don a tabbatar da mazaunin dashe, sai ta tuna akwai tukunya a wuta.

Oga ya ɗora ni kan duba aiki na ƙarshe. Yanzu ko kambin haƙori ɗaya ne ba ya barin lab, ɗakinmu na ƙera haƙora, sai da sa hannuna a littafi. Kada ka ce in yi walima, albashin bai motsa ba, masu harara ne suka ƙaru.

To, ga abin da ya faru. Wani dattijo ne, ɗan kasuwa, sama gaba ɗaya babu haƙori ko ɗaya. Likita ya dasa masa ƙarafa huɗu a ƙashi da za su riƙe haƙoran, irin tsarin All-on-4 na Paulo Malo na ƙasar Fotugal, biyu a gaba a tsaye, biyu a baya a karkace. Ya yi watanni da na wucin gadi na roba har ƙashi ya kama, lokacin na dindindin ya yi, kuma zakoniya ya ce yana so, farin abin nan mai tauri kamar tangaran, kuɗi ba matsala ba ne. Matsalar ita ce zai aurar da autarsa, an riga an buga kati, ya kuma rantse ba zai shiga hoton biki da haƙoran aro ba.

Aikin ya fito daga tanderu, wallahi sai ka so ka gani. Dogo ne ya yi launin, kuma ka san hannun Dogo idan ya ga dama. Dasashin har da 'yan jijiyoyi. Aka kawo mini, na ɗora a kan samfurin filasta, ya zauna daram. Na ɗaure sukuru ɗaya na can ƙarshen dama, na duba sauran ukun da madubi, babu ko tsaga. Kowa na tsaye yana jiran in sa hannu, ɗan acaɓan da zai kai har ya tayar da mashin. Sai na ce a kawo mini jig ɗin da aka gwada a baki. Aka yi tsit. Ashe awo ya zo daga asibiti, aka zuba filasta, aka sa a sikana, aka zana, aka sassaƙa, aka gasa, duk a guje saboda biki. Ba wanda ya koma bakin mutumin ya tabbatar cewa inda dashen suke a filasta nan suke a muƙamuƙinsa.

Na mayar da murfin biro. Na ce abin da na gani kawai shi ne aikin ya dace da filasta, kuma ba filasta ce za ta ci tuwo da shi ba.

Oga ya kira ni ofis. Ka san shi, ba ya faɗa, sai dai ya riƙa juya makullin mota a yatsa. Na ce masa ranka ya daɗe, haƙorin da Allah ya halitta yana da ɗan zare-zaren da ke riƙe shi da ƙashi, yana ɗan motsi, in abu ya matse shi yana iya ba da wuri. Dashe ba shi da wannan. Ƙarfensa na titaniyom ya haɗe da ƙashi ne kai tsaye, abin da Branemark na Suwidin ya gano har ya yi wa mutum na farko a 1965. Ba ya kaucewa. Ita kuma zakoniya ba ta lanƙwasa, ba kuma a yanka ta a sake liƙawa kamar yadda muke yi wa firam ɗin ƙarfe a da. Ƙi-faɗi biyu ne za a haɗa da sukuru. Idan akwai saɓani a tsakaninsu, wani abu ne zai biya: ko sukuru ya riƙa kwancewa, ko ya karye a ciki, ko aikin ya tsage ta wajen ramin sukuru, ko ƙashin da ke kewaye da dashen ya sha wahala. Ya ce nawa ne saɓanin da za a iya lamunta? Na ce Branemark maikiron 10 ya ce (maikiron dubu ne milimita ɗaya), na bayansa suka sassauta har zuwa 150, kuma ko 150 ɗin kaurin silin gashi biyu ne kacal. Ya dube ni ya ce to je ka faɗa wa likita da bakinka.

Na je. Yaron kirki ne, sabon jini, hannunsa da kyau a tiyata, sai dai ba ya son ɗan lab ya zo masa da gyara a gaban ma'aikatansa, kuma na gane hakan, shi ya sa na ja shi gefe. Na roƙe shi abu ɗaya: ya gwada a baki da sukuru guda, gwajin nan na Shefild ta Ingila. Kai da kake maƙwabtaka da garin, in ka je wata rana ka gaishe mini da su, sun fitar da ni kunya. Ya ɗaure na ƙarshen dama. Ɓangaren hagu ya ɗaga. Da ido ma ana ɗan gani in ka san inda za ka duba, da aka ɗauki hoton ƙashi kuwa ga baƙin layi nan ƙarara tsakanin aikin da kan dashen. Sai ya ce mini, "Ai in aka ɗaure duka huɗun zai zauna." Na ce ƙwarai zai zauna, likita, abin da nake tsoro ke nan. Teburi mai gajeriyar ƙafa ma in ka danne shi da ƙarfi ƙafar za ta taɓa ƙasa, amma katakon ne ke ɗauke da wahalar. Dattijon zai fita yau yana murmushi, ya dawo mana bayan Sallah da abu biyu a leda.

Bai ce komai ba ya ciro aikin. Na ga girmansa a nan.

Af, kafin in manta. Ka ji Dogo zai ƙara aure? Wallahi. 'Yar Gwammaja ce, an ce malamar Islamiyya. Mutumin da har yau bai biya ka kuɗin takalmin nan na Inugu ba. Ya ce in gaya maka gudummawa da fam yake so, kada ka canja, shi zai kai Wapa da kansa.

Ina muka tsaya? Sake aiki. Wannan karon na zauna a kai tun daga tushe. Likita ya sake ɗaukar awo da buɗaɗɗen faranti, an haɗa sandunan awon da jan roba, an bari ya sandare, an yanka tsakani an sake liƙawa da ɗan kaɗan, don ka san yadda yake tsukewa ya jawo su ciki. Ina zargin nan aka samu saɓanin farko, ko kuma wajen ɗaura ƙarafan samfuri wani ya murɗa da ƙarfi. Filasta kuwa na hana a kwaɓa da ido. Yaran nan sai su kamfato gari su tara a famfo, su ce hannunsu ya saba. Na sa an sayo sikeli da kofin awo, da filasta lamba huɗu mai tauri, ruwa daidai abin da aka rubuta a jikin buhu. Suna ce mini Malam Sikeli a bayan idona, Baba Maigadi ne ya tsegunta mini. Aka yi jig a kan sabon samfurin, aka kai baki, sukuru ɗaya a dama, ya zauna, sukuru ɗaya a hagu, ya zauna, hoto ya fito babu layi. Sannan na yarda aka sa a sikana.

Biki fa? Nan na yi dabara. Na ce a sassaƙa masa irinsa sak da farar roba, a goge shi ya yi sheƙi, ya je biki da shi. A hoto ba mai bambance shi da zakoniya. Mu kuma mun samu abin da dama ya kamata a yi tun farko: ya ci da shi, ya yi magana da shi, ya kwana da shi, duk inda ya goge ko ya dame shi mu gani kafin a taɓa fayafayan zakoniyar da ake saye da dala.

Ranar gwajin nan na sha dariya. Likita ya bi littafi, ya ce Alhaji ya faɗi kalma mai "f" don ya ga inda haƙoran gaba ke taɓa leɓen ƙasa. Alhaji Bakano ne tsantsa, da leɓe biyu yake furta ta, haƙori ko leƙowa bai yi ba. Na ce a bar wannan, ya ƙirga daga sittin zuwa saba'in mu ji ko "s" tana fito. Sai dattijon ya ɗaga hannu ya ce duk wannan bai dame shi ba, shi ke jan sallah a masallacin ƙofar gidansa, tunda aka sa masa na wucin gadin nan sinun da sadi suka zame masa abu ɗaya, yara na bayansa suna ƙunshe dariya. Ya gyara zama ya karanto Fatiha. Mu duka muka nutsu muna saurare. A "siraɗal mustaƙim" iska na kuɓuce masa ta sama. Na rage kaurin bayan haƙoran gaba, na cike 'yar kafar da ke tsakanin aikin da dasashi, ya sake karantawa, ya yi murmushi ya ce yanzu harshensa ya dawo gida. Tun daga ranar na ƙara layi a littafina. Duk mai cikakken sama sai ya yi karatu ko dogon zance kafin in sa hannu.

Launi ma an kai ruwa rana. Shi fari fat yake so, wanda ya wuce duk launuka goma sha shidan da ke jikin allon launin haƙori na Vita, kuma a sa masa haƙorin Makka guda a gefe, don nasa na da ya tafi tare da sauran. Hajiyarsa ce ta raba gardamar, ta ce mai shekara saba'in da haƙoran jariri sai a ɗauka aljani ne. Aka tsaya a launin A2. Na zinaren ta ce sai bayan ranta. Goro kuwa ya ce ko likitan duniya ne bai isa ba, shi ya sa na matsa a goge ƙasan aikin sumul, ya zama mai ɗan tudu yadda zare da buroshi za su wuce. Dogo yana son ya ƙwaƙule ƙasan ya rungume dasashi don ya fi kyau a ido, amma duk kwarmin da ka bari a nan rumbun tsakin goro da naman miya ne, kuma mutumin ba zai iya cirewa ya wanke ba. Na kuma rage jelar baya, na cire turmi ɗaya kowane gefe. Mai tauna kilishi ba a bar masa dogon reshe babu dashe a ƙarƙashi.

Kai kana can ba ka san tashin hankalin tanderu ba. Zakoniya tana tsukewa wajen kashi 20 cikin 100 a gashi, zafi ya kai digiri 1500, sa'o'i tana hawa, sa'o'i tana sauka. A tsakiyar wannan a ɗauke wuta! Yanzu ba a kunna shi sai an tayar da janareta tun farko, an auna mai, an kuma sa wani ya kwana kusa. Lambar tsukewar da ke jikin kowane faifai ma ni nake karantawa da kaina in ga ita aka shigar a kwamfuta, don ba duka suke ɗaya ba. Ka tuna malaminmu mai jan biro a Inugu, yadda yake ɗaga haƙoran roba saitin taga ya ga kumfa a ciki, ya ce wa ya tafasa wannan? Ranar da Dogo ya sa wuta da yawa don ya je kallon ƙwallo, ruwan robar ya tafasa a ciki, abin ya fito duk huji. Muna zaginsa a ɗaki lokacin. Yanzu ni ne nake ɗaga aikin mutane saitin taga, har tsayuwar tasa na ɗauka, in ji Dogo.

Abin da ke hana ni barci dai kuɗin aikin farkon ne. Yana nan a aljihun teburina, kyakkyawa, ba shi da mai shi. Asibiti sun ce lab ne bai nemi jig ba, Oga ya ce su suka aiko da awo suka ce a yi sauri. Kowa yana da ɗan gaskiyarsa. Oga yana amsa gaisuwata, amma a taƙaice, kuma na ji ana cewa da wani ne a kujerar da tuni an wuce wurin. Ban san ko zai bar ni a kai ba bayan ƙarshen wata. Na rubuta masa takarda cewa daga yanzu duk aikin cikakken muƙamuƙi, ko na wane ne, ba za a sassaƙa ba sai jig ya je baki ya dawo da hotonsa. Takardar tana kan teburinsa, ya ɗora mata kofin shayi. Na biyun zai shiga tanderu ranar Asabar in Allah ya yarda, ka sa mu a addu'a. Na riga na ware masa sababbin sukurori a leda, ban yarda a kai masa waɗanda muka yi ta ɗaurawa muna kwancewa a lab ba, na kuma rubuta wa likita 15, ma'aunin ƙarfin ɗaure sukurun, a jikin takardar aikin don kada ya ɗaure da ƙarfin tuwo.

Inna tana gaishe ka, ta ce ko ka manta hanyar Fagge ne. Ƙafar ta yi sauƙi. Mai masar bakin titi ta tashi, an rushe rumfunan, yanzu sai mun aika har Sabon Gari kuma ba ta kai waccan ba. Idan ƙanin matarka zai zo a watan gobe kamar yadda aka ce, ka ba shi siririyar takardar gwada cizo, mai maikiron 8 ɗin nan, ko fakiti uku ne, a nan sai mai kauri ake samu. Da ƙaramin sukurudireba na dashe, nawa kansa ya cinye. Kada ka haɗa da saƙon Dogo, ka san ba zai iso ba.

Ka gaida madam da su Hanifa.

Naka,
Malam Sikeli