Wasiƙar Makaranta: Labarin Nas Vivian da 'Ya'yanku Suka Karanta

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Ya hidima, ya ɗawainiya? Allah ya saka da alheri.

A wannan zango 'yan aji biyu na babbar sakandare sun karanta Yaƙin Duniya na Biyu, malamar tarihi kuma ta daɗe da su a kan rayuwar wata nas 'yar Ostireliya, Vivian Bullwinkel. Labarin yana da nauyi, yaran za su zo da shi gida, shi ya sa muka fi son ku fara jin sa daga gare mu.

Vivian ta shiga aikin jinyar sojoji a 1941, aka tura ta Singafo. Da sojojin Japan suka kusa cin birnin a Fabrairun 1942, aka kwashe nas-nas 65 a jirgin ruwa mai suna Vyner Brooke. Kwana biyu da tashinsa jiragen saman yaƙi na Japan suka nutsar da shi. Ita da 'yan'uwanta 21 suka tsinci kansu a gaɓar tsibirin Bangka, cikin Indonesiya ta yau, suka ci gaba da ɗaure wa mutane rauni a kan rairayi. Ranar 16 ga wata sojojin Japan suka tilasta musu shiga teku, suka buɗe musu wuta ta baya. Ita kaɗai ta rayu a cikinsu.

Harsashi ya ratsa ta wajen ƙugu, amma ta yi kwana 12 a daji tana jinyar wani sojan Birtaniya da ya fi ta jin jiki. Nan ne ajin ya yi tsit. Daga baya ta yi shekara uku da rabi a sansanin fursunoni, tana rataya gorar ruwa a kan hudar da harsashi ya yi wa rigarta, don kada masu gadi su gane shaida ce. Cikin 65 ɗin nan, 24 ne suka koma gida. A 1946 ta tsaya gaban kotu a Tokyo ta faɗi abin da idonta ya gani.

Bayan darasin, ɗalibai mata da dama sun tambaye mu yadda ake shiga makarantar koyon aikin jinya. Don Allah kada a kashe musu gwiwa, a zauna a saurare su. Za mu yi bayanin darussan da ake buƙata a taron iyaye da malamai mai zuwa.

Wanda kuma kakansa ya je yaƙin Bama, inda sojojinmu suka gwabza da Japan a wannan yaƙi, muna roƙon ya zo ya ba yaran labari.

Wassalam,
Shugabar Makaranta