Matar Ƙanena Tana da Ƙofa, Mijin Ƙanwata Ba Shi da Ita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin 'yan majalisarmu da malamanmu kan sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, mai maganar zama ɗan ƙasa ta hanyar aure, wanda ban taɓa sanin da zamansa ba sai da ya biyo ni har tsakar gida.

A gidanmu da ke Tudun Wada an ƙulla aure biyu da baƙi, tsakaninsu bai kai shekara biyu ba. Ƙanena ya auro yarinya daga Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, ni ne kuma na karɓa masa auren a matsayin wakilin ango. Ƙanwata kuwa wani malamin Larabci ɗan ƙasar Sudan ne ya nemi aurenta, ni na ba da ita a matsayin waliyyi, tunda Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. A duka wuraren biyu an yanka sadaki, an kafa shaidu, an shafa fatiha, an raba goro da dabino, kuma babu wanda ya ce mini ɗaya daga cikin auren ya fi ɗaya nauyi. Sai da shekaru suka ja, 'ya'ya suka zo, maganar takardun zama ta taso, sannan na gane cewa a idon dokar ƙasarmu ba ɗaya suke ba.

Sashe na 26 ya ce Shugaban Ƙasa yana iya yi wa mutum rajistar zama ɗan Najeriya idan ya gamsu cewa mutumin kirki ne, ya nuna niyyar zama a ƙasar, ya kuma yi rantsuwar mubaya'a. Sai dai da sashen ya zo lissafa waɗanda wannan rangwame ya shafa ta hanyar aure, mace kaɗai ya ambata, wato wadda take auren ɗan Najeriya ko ta taɓa aurensa. Bai gindaya mata adadin shekarun da za ta jira ba. Namijin da ya auri 'yar Najeriya kuwa ko sunansa ba a kawo ba, saboda haka idan yana son zama ɗan ƙasa sai ya bi ta sashe na 27, hanyar da kowane baƙo yake bi ko da bai san kowa a ƙasar ba: zaman shekara 15, da shaidar cewa zai amfani ƙasa, da kuma ra'ayin gwamnan jihar da yake zaune cewa jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da su. Ma'ana, auren ƙanena ya buɗe wa matarsa ƙofa tun ranar da aka shafa fatiha, auren ƙanwata kuwa, da 'ya'ya huɗu da zaman sama da shekara goma, bai rage wa mijinta ko kwana ɗaya daga cikin shekarun nan ba.

Abin da ya ƙara sa lamarin ya tsaya mini a rai shi ne asalin surukin nawa. A Mai Wurno aka haife shi, garin da ke bakin Kogin Nilu a Sudan, wanda ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Duk wanda ya karanta tarihi ya san cewa bayan Turawa sun kashe Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa ya ja sauran jama'a suka yi gabas, can suka kafa zango. Kakannin wannan bawan Allah suna cikin ayarin. Hausarsa tana da tsofaffin kalmomin da rabona da jin su tun daga bakin kakarmu, kuma idan ya zauna a shagon abokinsa a Kasuwar Barci ba mai cewa baƙo ne sai an ga fasfonsa. Sashe na 26 ɗin nan ya yi wa wanda kakansa ɗan Najeriya ne tanadi, amma nasa kakannin sun bar ƙasar tun kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914, balle a yi maganar takardar ɗan ƙasa. Ban kawo wannan don in ce asalinsa ne hujjata ba, domin da Balarabe ne tsantsa ko Bature ma maganata ba za ta canza ba. Hakkin da nake magana a kai na ƙanwata ne, 'yar ƙasa haifaffiyar Kaduna.

Adalci ne in faɗi cewa dokar ba ta rufe kowace hanya ba. Sashe na 32 ya ba Shugaban Ƙasa ikon tsara yadda za a ba miji ko matar ɗan Najeriya matsayi na musamman na baƙo mai cikakken izinin zama, kuma a nan ba a bambanta mace da namiji ba. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke duba irin wannan buƙata, Hukumar Shige da Fice kuma ita ke ba da katin izinin zama da ake kira CERPAC. Sai dai izinin zama daban, zama ɗan ƙasa daban. Mai izinin zama ba ya jefa ƙuri'a, ba ya riƙe fasfon Najeriya, kuma duk zamansa yana rataye ne da fasfon ƙasarsa ta asali. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, na ga abin da wannan ratayar take nufi.

Ƙanwata tana da wata jakar roba mai zif da take ajiyewa a ƙasan akwatin lefenta. A ciki akwai takardar aure, da takardun haihuwar yara huɗu, da wasiƙar mai unguwa, da wasiƙar makarantar da mijinta yake koyarwa, da hotunan fasfo da suka fara dushewa, da wasiƙar da ta rubuta da hannunta tana cewa ta yarda ta tsaya masa. Sau biyu na raka su tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da asuba za su tafi Abuja da wannan jaka. A tafiya ta biyu, a wani ofishi da ba zan ambata ba, wani ma'aikaci ya juya takardun ya dube ta ya ce, "Hajiya, ai mace ce ke bin miji, me ya hana ki bi shi ƙasarsu?" Ba ta ba shi amsa ba. Da ta dawo take ba ni labari, sai ta ce, "Yaya, in bi shi ina? Cikin harsashi, da yara huɗu?" Na kuma lura cewa duk lokacin da muka taso daga Zariya da yamma muka doshi shingen jami'an tsaro, mutumin nan mai yawan raha sai ya yi tsit, hannunsa ya koma aljihun gaban rigarsa inda takardarsa take, alhali babban ɗansa da ke zaune kusa da shi cikakken ɗan Najeriya ne da ba mai ikon tambayarsa kome.

Wannan batu na ƙarshe shi ne amsata ga masu cewa ai ɗa na uba ne, don haka bai kamata mace ta jawo wa ƙasa baƙo ba. Sashe na 25 ya riga ya yanke wannan magana, domin ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, in dai ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne, bai ce sai uba ba. Ashe ke nan ƙasa ta karɓi 'ya'yan ta hannun uwarsu, ta bar ubansu a zaure. Nasaba a shari'ar Musulunci tana bin uba, wannan ba a taɓa shi ba kuma ba wanda ya nemi a taɓa shi. Takardar ɗan ƙasa kuwa tsari ne na hukuma wanda mutane suka zauna suka rubuta, suna kuma iya gyara shi. Sannan sashe na 42 na wannan kundi dai ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani abu saboda kasancewarsa namiji ko mace, abin da ya sa na kasa gane yadda sassan biyu suke kwana a ɗaki ɗaya.

An taɓa yunƙurin gyarawa. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Dokoki ta Tarayya ta kaɗa ƙuri'a kan ƙudurorin gyaran kundin, kuma ƙudurin da zai ba mijin 'yar Najeriya damar rajista yana cikin guda biyar da suka shafi mata waɗanda ba su tsallake ba. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa, har Majalisar Wakilai ta janye matsayinta a kan uku daga ciki a ranar 8 ga watan, da alƙawarin za ta sake dubawa. Da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyare-gyare 16 a watan Maris 2023, an ga na wutar lantarki da na jiragen ƙasa da na gidajen yari, ba a ga wannan ba. A ganina, abin da ya cuci ƙudurin a nan Arewa shi ne yadda aka ƙulle shi a dami ɗaya da maganar kujerun mata a siyasa, sai mutane da yawa suka ɗauka rigimar 'yan boko ce ta Legas da Abuja. Alhali kuwa mu ne muke da iyaka da Nijar da Chadi da Kamaru, mu ne muke aurar da 'ya'yanmu ga mutanen Maraɗi da Garwa, kuma tun da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, dubban gidajen da ba su taɓa tunanin takarda ba sun fara tambayar matsayinsu.

Tsoron da ya fi kowanne ƙarfi, wanda kuma ba na raina shi, shi ne na auren bogi: wani ya zo da kuɗi ya sami yarinya 'yar talakawa, a ɗaura musu aure na suna irin na kisan wuta, ya karɓi fasfo ya sake ta. Wannan yana iya faruwa. Amma yana iya faruwa ta ɗaya ɓangaren ma, kuma ba a rufe wa matan da ake aurowa ƙofa saboda shi ba. Ƙasashen da suka fi mu fama da masu neman shiga ba su magance shi ta hanyar ware mata ba, sharuɗɗa suka tsaurara wa kowa. A Amurka, idan auren bai cika shekara biyu ba, katin zama na wucin gadi na shekara biyu ake bayarwa, sai ma'auratan sun dawo tare sun nuna cewa zaman na gaskiya ne kafin a mayar da shi na dindindin, kuma wanda ya ɗauki nauyin sai ya sa hannu a takardar lamuni wadda saki ba ya warware ta. A Birtaniya, tun watan Afrilun 2024 sai an nuna samun fam 29,000 a shekara, maimakon 18,600 na da, sannan a yi zaman shekara biyar kafin a nemi izinin dindindin. A Kanada mai ɗaukar nauyin yana ɗaure kansa na shekara uku ko da auren ya mutu. Duk cikinsu ba inda aka tambayi ko mai tsayawar mace ce ko namiji.

In an ce waɗannan Turawa ne, to mu leƙa maƙwabta. Kundin Ghana na 1992 ya ambaci mace da namiji duka, ya ƙara wa namijin sharaɗin ya kasance mazaunin ƙasar na dindindin, ya kuma ba hukuma ikon neman hujjar cewa auren ba na dabara ba ne. Kundin Kenya na 2010 ya sa shekara bakwai na aure ga kowa. Nijar kanta ta gyara dokarta a 2014, ta ba matanta ikon da muke hana namu. Mu ma muna da abin da za mu gina a kai, domin tun zamanin fatauci baƙo ba ya ciniki a kasuwa sai da fatoma, wato mai masaukin da zai tsaya masa, ya lamunce shi, a kuma neme shi idan baƙon ya yi ba daidai ba. Mai unguwa da liman sun san wanda yake kwana a gidan matarsa yana cefane, sun kuma san wanda tun ranar ɗaurin aure ba a sake ganin ƙeyarsa ba. A sa shekarun jira, biyar ko bakwai, a nemi shaidar mai unguwa da hakimi, a binciki mutum ta fuskar tsaro, amma a yi wa surukan biyu awo da mudu ɗaya.

Akwai laifin da yake namu, ba na hukuma ba. Yawancin aurenmu ana ɗaura shi a masallaci ko ƙofar gida a watse ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba. Mu kanmu sai da muka koma neman limamin da ya ɗaura auren ƙanwata, muka tarar ya rasu, ɗaya daga cikin shaidun ya koma Kano, sai da muka je kotu aka yi rantsuwa kafin a sami abin nunawa. Ina kira ga duk waliyyin da zai ba baƙo 'yarsa, ko uban da ɗansa zai auro daga waje, da ya karɓi takardar aure a makon da aka ɗaura shi, da sunayen da suka yi daidai da na fasfo harafi da harafi, ya kuma yi wa kowane jariri rajistar haihuwa tun kafin a gama wankan jego.

Gyaran kundin yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Jihar Kaduna tana da sanata uku da 'yan Majalisar Wakilai 16, ga kuma 'yan majalisar jiha da ke zama a Lugard Hall waɗanda ƙudurin zai biyo ta gabansu in ya tsallake Abuja. Ina roƙon jaridarka ta aika wakili ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya inda suka tsaya a kan sashe na 26, ta buga amsoshinsu da sunayensu, ta kuma nemi jin ta bakin malamanmu ko akwai wani nassi da ya hana mace ta tsaya wa mijinta a gaban hukuma.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Kaduna.