Jijjigar Mota a Babbar Hanya: A Gano Tushenta Kafin a Sayi Kaya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka in yi magana a kan wata matsala da kusan duk mai tuƙi ya taɓa cin karo da ita. Mota na tafiya lafiya lau a cikin gari, amma da an hau babbar hanya, allura ta kai kilomita 90 ko 100 a awa, sai sitiyari ya kama rawa a hannu, ko kujera ta riƙa karkarwa har madubi ya daina nuna komai sosai. Abin da ke damuna shi ne yadda ake zubar da kuɗi a kan wannan ciwo ba tare da an gano shi ba. A yi alaimen, a canza shokzoba, a canza boljoyin da tayarod, a koma hanya a tarar da rawar tana nan daram. An bar jaki ana dukan taiki. Alhali mafi yawan lokaci direba da kansa zai iya taƙaita inda matsalar take tun ba a kwance noti ko ɗaya ba, in ya lura da abu uku: a wane gudu jijjigar ke farawa, a ina yake jin ta, kuma me ƙafarsa ke yi a lokacin.

Bari in fara da dalilin da ya sa sai an yi gudu take bayyana, domin wanda ya fahimci wannan ba za a ruɗe shi ba. Taya mai lamba 195/65 R15, irin ta ƙananan motoci da yawa, zagayenta ya kai kusan mita 2. A gudun kilomita 100 tana juyawa wajen sau 14 a kowane sakan. In wani gefen tayar ya fi sauran nauyi da giram 30 kacal, to a wannan gudun fizgar da yake yi ta kai ta nauyin kilo 7, sama da ƙasa, sau 14 a sakan. Ƙarfin fizgar kuwa ninki huɗu yake yi duk lokacin da gudu ya ninka biyu, shi ya sa a kilomita 50 bai kai kilo 2 ba, robobin ƙafa suna shanye shi ba a ji. Ga wani abin kuma: ƙafar mota da sifirin ɗinta suna da nasu saurin tsalle na ɗabi'a, tsakanin sau 10 zuwa 15 a sakan a yawancin ƙananan motoci. Idan juyin taya ya zo daidai da wannan, sai su haɗa kai rawar ta ƙaru. Wannan ne ya sa take tsananta tsakanin kilomita 80 da 120, wani lokaci kuma ta lafa in an wuce nan. Direbobi kan ce da sun ƙara wuta sai ta daina. Ba dainawa ta yi ba. Fizgar ma ƙaruwa ta yi, boris (ƙwallayen ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansu) da boljoyin ne ke ɗaukar ta shiru.

Gwajin farko a kan hanya ake yin sa. A sami miƙaƙƙiyar kwalta mai sumul, marar cunkoso, a tafi da mutum na biyu da zai riƙa lura. In rawar a sitiyari take, yana kaɗawa hagu da dama, a zargi ƙafafun gaba. In a kujera da daɓen mota ake jin ta, sitiyari kuma shiru, a zargi ƙafafun baya ko furofela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa ƙafafun baya. Daga nan sai a riƙe gudun da rawar ta fi ƙarfi, a sauko giya ɗaya ba tare da an rage gudu ba, yadda juyin inji zai tashi alhali juyin taya bai canza ba. Rawar ta canza? To inji take bi. Tana nan yadda take? To taya ce ko abin da ke juyawa tare da ita. Mai mota mai kuloci zai iya taka kulocin na ɗan sakanni ya ga ko za ta ɗauke. Amma kada kowa ya kashe inji mota na gudu da sunan gwaji, domin birki da sitiyari za su yi tauri. Sai a taka totur sosai a saki a ji bambanci, sannan a taɓa birki a hankali daga gudu. Kowanne daga cikin waɗannan yana nuna wani wuri dabam.

Idan gwaji ya nuna taya, kada a ruga wurin balansin tukuna. A duba iska da geji tun taya tana da sanyi, a daidaita ta da adadin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba, ba wanda ke jikin tayar ba, domin na jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. A leƙa cikin rim ta baya: busasshen taɓo da ya manne a gefe ɗaya yakan fi giram 30 nesa ba kusa ba, wanki kawai yake so. A nemi tabon wurin da dalmar balansin, wato ɗan nauyin da ake maƙalawa a rim, ta faɗi. Ruwan da ya shiga cikin taya, ko ruwan liƙe huji da ake ɗurawa ta bakin bawul, shi ma yana hana balansin zama, saboda nauyin yana yawo. Akwai kuma motar da ta daɗe a ajiye: ƙasan tayar kan ɗan baje, ta yi ta bugawa a kilomita 15 ko 20 na farko, da ta ɗumama sai ta koma daidai. Wannan ba ya buƙatar gyara in dai yana wucewa.

Sai a ɗaga motar, a tokare ta da ƙarfen tokara, kada a dogara da jak kaɗai. A ajiye wani abu tsayayye dab da tayar, a juya ta da hannu a hankali ana kallon ratar. In tayar tana matsowa tana ja da baya fiye da milimita ɗaya da rabi, ko ta fuska ko ta gefe, akwai magana. A yi wa bakin rim irin wannan duban, ciki da waje, domin rami ya fi lanƙwasa leɓen ciki, wanda ido ba ya gani daga tsaye. A shafa fuskar tayar da tafin hannu. Kumburi a wuri ɗaya, ko zanen taya da ya karkace kamar maciji, alama ce wayoyin ƙarfen da ke ciki sun rabu da roba. Irin wannan taya tun a gudun kilomita 20 ko 30 za a ji mota tana rangaji, kuma ba ta da magani sai cirewa a ranar, domin ita ce ke fashewa in ta yi zafi. A duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara 6 tana son sa ido ko da zanenta bai cinye ba.

Yanzu ga balansin, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Na'ura tana auna nauyi ne kawai, ba ta mayar da ƙwai ya zama ƙwallo. Taya marar zagaye ko lanƙwasasshen rim za su iya nuna sifiri a allo, su hau hanya su yi ta tsalle. Saboda haka mai mota ya tsaya ya ga aikin da idonsa. A cire duk tsofaffin dalmomi, a fitar da tsakuwar da ta maƙale a zane, a goge bayan rim, a zaunar da shi a tsakiyar na'ura da mazugin da ya dace da raminsa. A shigar da faɗi da girman rim daidai. A yi balansin na gefe biyu, ciki da waje, ba na gefe ɗaya ba. Na gefe ɗaya yana maganin tsalle sama da ƙasa ne kawai, ya bar kaɗawar hagu da dama, wadda ita ce ke rawar da sitiyari. Wasu kan ƙi sa dalma a waje don kada ta ɓata kyan rim, alhali akwai ta mannawa da ake sawa a ciki bayan ƙafafun rim, ba a ganinta. In na'ura ta nemi nauyi mai yawa, kamar giram 70 ko 80 a gefe guda na ƙaramar taya, kada a yi ta jibga dalma. A sace iska, a juya tayar rabin zagaye a kan rim, a sake aunawa, sau da yawa sai adadin ya sauko, domin nauyin taya da na rim ne suka taru wuri ɗaya. A sabuwar taya, ɗigon rawaya yana nuna wurin da ya fi sauƙin nauyi, ana saita shi da bawul. Gwajin da ke tona aikin banza kuwa mai sauƙi ne: bayan an sami sifiri, a kwance tayar daga na'ura, a juya ta, a sake ɗaurawa a auna. In ta nemi fiye da giram 10, ko na'urar ta kauce ko ba a zaunar da rim daidai ba.

Mayar da taya jikin mota ma aiki ne. Tsatsar da ke fuskar hob, wato inda rim ke zama a jikin mota, ko kaurinta bai kai na takarda ba, tana karkatar da rim, don haka a goge ta da buroshin waya. Rim ɗin da ba na motar ba, wanda raminsa na tsakiya ya fi kan hob faɗi, yana buƙatar zoben cike rata, in ba haka ba zai zauna a kaikaice. A fara ɗaura notuna da hannu, a bi su tsallake-tsallake kamar zanen tauraro, a ƙarasa da sifana mai awon ƙarfi. Yawancin ƙananan motoci tsakanin Nm 100 da 120 (ma'aunin ƙarfin ɗauri) suke so, littafin motar zai faɗi takamaimai. Bindigar iska ba ta san wannan ba. In har yanzu ana shakka, a mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. Rawar ta bar sitiyari ta koma kujera? An kama mai laifi.

Jijjigar da ba ta zuwa sai an taka birki, faifan birki ne. Ana cewa ya lanƙwashe, amma galibi kaurinsa ne ya bambanta daga wuri zuwa wuri, da abin da bai kai kaurin gashi ba, sai feda ta riƙa harbin ƙafa. Ana auna kaɗawarsa da agogon awo mai allura, kuma motoci da yawa ba sa yarda ta wuce milimita 0.05. Kafin a fere faifai a injin gyaran faifai ko a sa sabo, a duba mafi ƙarancin kaurin da aka rubuta a jikinsa, a canza na hagu da na dama tare, a kuma goge hob, in ba haka ba ciwon zai dawo bayan 'yan watanni. Kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, in ta cije tana da tata alamar: rawar ba ta farawa sai an yi tafiyar minti 15 ko 20, ƙafa ɗaya ta ɗau zafi da ƙauri.

Wadda ke zuwa in an taka totur, ta ɗauke da an saki, a motar da ke ja da ƙafafun gaba, galibi kan shaf na ciki ne, wanda ke shiga giyabos. A duba robarsa, in ta yage giris ya watse, to an gama bincike. Na waje kuwa ƙas-ƙas yake yi a kwana, bai cika jijjiga ba. A mota mai ja da ƙafafun baya ko da ƙafa huɗu, furofela tana juyawa sau 3 zuwa 4 fiye da taya, saboda haka tata rawar ƙanana ce masu sauri, kamar gurnani a ƙarƙashin kujera. A girgiza kuros, wato gaɓar furofela, a ji ko yana da wasa ko ya ƙage, a duba boris ɗin tsakiya da robarsa. Duk wanda zai kwance furofela ya sa mata alama da fenti tukuna, domin in aka mayar da ita ba a yadda take ba, lafiyayyar furofela ma sai ta yi rawa. Ta inji kuwa sau da yawa ko a tsaye za a same ta: a sa firi, a ɗaga wuta zuwa juyin da aka ji ta, a duba kujerun inji da fulogi.

Game da alaimen, ina so a ji ni da kyau. Rashinsa yana sa mota ta ja gefe ko ta ci taya, ba shi ne ke haifar da jijjiga kai tsaye ba. Haka boljoyin, tayarod da bushin da suka saki: ƙara rawar suke yi, tushenta na wani wuri. Duk da haka a gwada su, tunda an riga an ɗaga mota. A kama taya sama da ƙasa a girgiza, wasa a nan boris ne ko boljoyin. A kama ta hagu da dama, wasa a nan tayarod ne. Boris da ya mutu yana kuka, kukan kuma yana canzawa in an karkata sitiyari. Mataccen shokzoba yana barin taya ta yi ta dukan kwalta har fuskarta ta yi kwari-kwari, kuma sabuwar tayar da aka sa a kansa haka za ta koma.

Jijjigar da ta zo farat ɗaya ana cikin tafiya, ko take ƙaruwa minti bayan minti, ko ta zo da bugu, ba a kai ta gida. A saki totur, kada a danne birki da ƙarfi, a gangara gefe a duba notuna da jikin kowace taya. Bayan kowane gyara kuma a koma kan hanyar da aka yi gwajin farko, a gudun nan dai, a canza abu ɗaya a lokaci guda don a san wanda ya yi maganin, sannan a sake bin notunan taya da sifana bayan kilomita 50 zuwa 100.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani makanike mai karanta jaridarku