Maganar Auta

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya yara? Na san kana ta mita na yi shiru. Ka yi haƙuri, maganar Auta ce ta sha kaina. Akwai abin da zan tambaye ka, amma bari ka fara jin inda aka kwana.

An yanke wa Auta hukunci. Shekara 14 a kan fashin, 7 a kan bindigar, kuma alƙali ya ce sai ya gama ɗaya ya shiga ɗaya. Inna ta daure a kotu, sai da muka dawo gida ta fashe da kuka.

Saura kwana 4 wa'adi ya cika muka shigar da takardar ɗaukaka ƙara. Da ya wuce, sai mun roƙi kotu ta ƙara mana lokaci, kuma tana iya hanawa. Ni na ɗauka shari'ar za a sake daga farko, a kira shaidu, in tashi in faɗi irin tarbiyyar da yaron nan ya samu. Lauyarmu ta ce ba haka ake yi ba. Kotun sama abin da aka rubuta a kotun ƙasa take karantawa, ta duba ko alƙali ya yi kuskure. Shi ya sa kullum ina kan hanya ina bibiyar kwafin shari'ar.

Mun yi ja-in-ja da ita sosai. Ni so nake a ce ba shi da laifi gaba ɗaya. Ta ce in daina yaudarar kaina, yana wurin, ya amsa da bakinsa, kuma wanda aka je fashi da shi doka ba ta wanke shi don wani ne ya riƙe bindigar. Ragi za mu nema. Kwana biyu ban runtsa ba, amma gaskiya ta faɗa. Hujjarta ita ce laifukan biyu a dare ɗaya aka yi su, ya kamata zaman ya tafi tare, sannan shekara 2 da ya yi a tsare yana jiran shari'a ba a cire masa ba, ga shi bai taɓa laifi ba kafin wannan. Ta dai gargaɗe ni cewa kotun sama ba ta taɓa hukunci sai ta ga ya wuce gona da iri.

Af, na ga hoton da ka turo! Wannan tumbin daga ina? Da shi za ka tsare mana raga? Dogo ma an sa ranarsa, da yarinyar nan da ya rantse ya haƙura da ita.

Mutumin da aka yi wa fashin yana raina, wallahi. Na gan shi a kotu, hannunsa na rawa yana ba da shaida. Ina sa shi a addu'a kamar yadda nake sa Auta.

Ranar da na je ziyara Auta ya tambaye ni kai, kansa a sunkuye, wai ko ka ji. Na ce ka ji. Ka rubuto masa ko layi biyu ne, zan kai masa da hannuna.

Ka gaida mutan gida.

Naka har kullum.